Askar Baba, ana gobe suna

Ana gobe sunan ɗana na fari aska ta ƙi ni. Ba a daɗe da Turawa suka miƙa mulki ba, reza ta fara shigowa kasuwar Makarfi, amma mu a Dandamisa kan jariri sai askar wanzami. Gidanmu kuwa gidan wanzanci ne. Baba ya ce shi zai yi wa jikansa askin suna, kuma ba mai musa masa. Abin da kowa ya sani, ba wanda ya iya faɗa, shi ne hannunsa ya fara rawa tun damina. Tunanin maɗigar yaron, wurin nan mai laushi a tsakar ka, ya hana ni sakat.

Na ce a raina idan askar ta yi kaifi sosai ba sai Baba ya danna ba, ɗorawa kawai zai yi gashi ya zube. Bayan azahar na zaro askar Baba daga zabirarsa, na zauna a zaure da dutsen washi da ƙoƙon ruwa. Na wasa, na goga a fata, na gwada a gashin hannuna. Tsakiyarta ta ɗauki gashi, tsinin kuwa sai karta. Na koma dutse. Tsini ya kama, gindi ya dakushe. Na ce dutsen ne ya lotsa, na fita na aro na maƙeri. Na ce ruwa ne bai yi ba, na ɗiga man gyaɗa. Mata na ta daka a cikin gida, rago na kuka a turke, ni in tashi in zauna, in ɗaga askar in duba a haske. Kafin la'asar hannuna na hagu ya yi fes kamar bayan ƙwarya, askar kuma gara ma yadda take da farko. Haushi ya ishe ni har na ji kamar in jefa ta rijiya.

Baba yana kishingiɗe a tabarma, ashe duk yana sauraro.

Ya ce, "Kai, dutsen nan laifin me ya yi maka?"

Na ce, "Baba, ta ƙi kamawa."

Ya karɓa ya bi bakinta da farce. "Ai ka wuce kaifin tun ɗazu. Bakin ya sirance har ya naɗe. Kana wasa nan, yana kwantawa can."

Ya sa na ɓallo masa guntun kara daga danga. Ya ja bakin askar a cikin karan, sai ga wani siririn zaren ƙarfe ya maƙale a totuwa. Ya shafa askar a dutse a hankali kamar mai lallashi, ya goga a tafinsa, ya ɗora a hannunsa don gwaji. Gashi ya zube ba ko ƙara. Sai rawar nan ta zo masa, jini ya tsatso. Tausayinsa ya kama ni, na kawar da kai kamar ban gani ba. Ya daɗe yana kallon wurin, sannan ya goge askar ya miƙo mini ta ƙota.

"Gobe kai za ka yi."

"Baba, ɗan fari ne fa. Da wane ido zan riƙe shi a gaban mutane?"

"Ka ajiye kunyar a zaure. In ka gama ka ɗauki abarka."

Washegari da hantsi gwaggona ta ɗora yaron a cinya, mata na leƙe suna tsokanata. Sai ranar na kalli fuskarsa da kyau. Na jiƙa kan da ruwan ɗumi. Baba ya tsuguna kusa da ni, ya ɓoye hannuwansa a cikin riga. Da askar ta iso maɗiga na ji tsohon ya riƙe numfashi, bai sake shi ba sai da na wuce wurin lafiya.

Da aka watse na kai masa zabirarsa. Ya ce in rataye ta a ɗakina.