Alasan da Bashin Garinmu

Duk wanda ya zauna a garin nan ya san Alasan ba ya kwana da abin wani. In matarsa ta ɗebo garwashi a maƙwabta, ba zai kai tuwon baki ba sai an mayar da garwashin, har da ƙarin guda. Ni taubashinsa ne, saboda haka ni kaɗai nake faɗa masa abin da ku kuke faɗa a bayan idonsa. Na ce, "Kai, wuta ma bashi ce?" Ya ce, "Issufu, wanda ya saba rancen garwashi, wata rana gobara zai ranto."

Kun ce marowaci ne, ban musa ba. Riga ɗaya na san shi da ita, ta sha faci har ba a gane asalin ƙyallen. Furarsa kuwa tsululu, kana leƙawa kana ganin fuskarka. Kowa ya san yana da hatsi, amma ba wanda ya san inda yake ajiye shi.

Shekarar da fara ta cinye mana gonaki, lampo, harajin Nasara, bai ragu da ko tamma ɗaya ba. Kumandan, Baturen mulki, ya aiko gardi, wato dogarinsa, daga Tanut, ya ba da kwanaki. Mai garinmu na lokacin, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, sai dai ba ya iya kallon idon mutum ya gaya masa magana mai ɗaci. Sai ya samo wani bafatake daga Damagaram wanda zai biya lampon gari duka, mu kuma mu biya shi da hatsi in kaka ta yi, dami biyu a kuɗin ɗaya. Aka taru a gindin aduwa, kowa na godiya. Alasan ya yi gyaran murya.

"Ranka ya daɗe, wa zai biya?"

"Baɗi mana," in ji mai gari. "Baɗi za ta biya."

"To, Baɗin nan ɗiyar wa ce? A kira ta in ga gonarta."

Aka yi dariya, aka ce halinsa ne. Shi kuwa ya kora awakinsa biyu kasuwar Gangara, ya sayar, ya dawo ya danƙa wa mai gari lamponsa a gaban shaidu. Ya ce kada a sa sunansa cikin rancen.

Baɗi ta zo da ruwa daidai gwargwado. Amma da muka auna wa bafatake nasa, abin da ya rage bai kai na ci ba, balle na lampo. Aka sake komawa wurinsa. A shekara ta uku bashin ya fi abin da rumbunanmu duka za su ɗauka. Dattawa suka zauna kwana uku a kan maganar. Ina wurin. Kowa ya yarda a ɗaure ciki, amma cikin maƙwabcinsa. Masu shanu suka ce manoma su ƙara damma, manoma suka ce masu shanu su sayar da bijimai, mai gari yana ta cewa a yi haƙuri da juna. Rana ta uku aka yanka rago don a sanyaya zukata. Da aka miƙo wa Alasan nasa kason, bai taɓa ba, ya tambayi ƙanen mai gari inda aka samo ragon. Ƙanen ya sunkuyar da kai, ya ce bafatake ne ya bayar, za a haɗa da na baya.

Alasan ya ture akushin ya miƙe. "Kun taru ku kashe bashi, sai kuka yanka masa rago."

Har mai gari sai da ya yi dariya. Aka cinye naman, aka watse ba a yanke komai ba.

Da bazara bafataken ya iso da mutanensa da raƙuma. Suka kwashe rumbuna har da iri. Suka kuma kwance jakin Alasan. Ya bi su har bakin rijiya yana cewa shi bai ci ba, akwai shaidu, jakin nan ko ƙashin ragon bai gani ba. Bafatake ya ce, "Gari ya ci, gari zai biya." Suka wuce da jakin. Muna dawowa Alasan ya ce mini a hankali, "Issufu, ashe bashin gari ba ya tambayar wanda ya ci. Yaran da ba a haifa ba ma suna ciki."

Ruwan farko ya sauka, ba mai ƙwayar da zai sa a ƙasa. Da hantsi Alasan ya zo ya ce in ɗauko fartanya. Muka je ƙarshen gonarsa, muka tone wani rami irin wanda kakanninmu ke yi lokacin hari. Hatsin shekara uku ne a ciki, tsaf. Ya zauna ya auna wa kowane gida ƙwarya guda, yana ta mita, yana share bakin ƙwaryar kada ƙwaya ɗaya ta wuce. Mai gari ya zo da hawaye, ya ce za a mayar masa ninki biyu in kaka ta yi.

"Ka ji shi kuma," in ji Alasan. "Ba rance ba ne, ranka ya daɗe. In na ba ku rance, ni da bafataken nan uwarmu ɗaya."

Bashin dai kun san yana nan. Ɗan mai gari ya gaje shi tare da rawani, har yau ana zama a kansa a gindin aduwa.

Ranar jana'izar Alasan, liman ya tambaya ko akwai mai bin mamacin bashi. Aka ce babu. Ya ce, to, wanda mamacin ke bi fa? Sai na ga sahu duka kawuna sun yi ƙasa, har da nawa, don babu gidan da bai shuka hatsinsa ba. Na ce wa liman ya tayar da salla, mai shi ya riga ya ce ba rance ba ne.

Allah ya jiƙan Alasan, ya yalwata masa kabarinsa. Allah ya auna masa ba da ƙwarya ba. Mu kuma ya ba mu shugabanni masu iya gaya mana magana mai ɗaci tun da sauran lokaci. Amin.