Kamilu Mai Koya wa Waya Kirari

Kamilu ɗan Gaya ne, kuma tun yana yaro ba ya iya kiran sunan babban mutum haka ziƙau, sai ya sa masa riga da hula. Ya yi tallan rake, ya yi cajin waya a bakin tasha, daga baya ya je Kano ya koyo haɗa shafin intanet. Ya dawo da tabarau a fuska alhali idonsa garau.

Wata ƙungiyar manoma ta ba shi aikin shafinta. Kafin ka kai ga sanarwa sai ka ratsa kirarin shugaba: Alhaji, Garkuwar Manoma, Damina Uwar Albarka, Bangon Marayu. Jama'a suka ce yatsunsu sun gaji da jan allo.

Gogan naka bai goge ko kalma ɗaya ba. Akwai dabarar tsara shafi da ke ɓoye rubutu daga ido, amma muryar da ke karanta wa makafi allon waya tana furta shi. Can ya tura kirarin, ya yayyanka shi don muryar ta riƙa jan numfashi kamar sanƙira. Ya kunna wa shugaba, aka ba shi shadda. Masu ido suka huta, aka bar makafi da dakon kayan.

Kawun Kamilu, Maiwada na ƙauyen Balan, wanda yanar ido ta makantar, da wannan muryar yake bin labarai. Jira yake likitocin da ke cire yana kyauta su zo garin Gafasa. Kamilu ya sa sanarwar a shafin ƙungiyar kam, amma ranar zuwan nasu ya zana ta cikin hoto mai furanni don ta yi kyau. In waya ta iso nan sai ta ce hoto ne, ta wuce. Kullum tsohon ya sha kirari ya ƙoshi, ya zaci ba a tsayar da rana ba. Wallahi abin na ƙona mini rai. Inuwar giginya ke nan, na nesa ka sha.

Bayan likitoci sun tafi, Kamilu ya je gaisuwa yana washe baki.

"Kawu, ka ji muryar nan? Ni na koya mata."

"Na ji, ɗan nan," in ji Maiwada. "Sarautun Alhaji duk na haddace. Jiya aka buɗe wa maƙwabciyata Gaji ido a Gafasa. Miƙo mini butar nan, ban san inda take ba."