Akushin da Ya Koma Gida a Rufe

Ranar da ƙanƙara ta sauka a Dakko, tsofaffin garin har yau ba su manta da ita ba. Ƙarshen bazara ne, an wuni cikin gumi, ko ganye ba ya motsi. Da la'asar sai gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwasar jinkaye, ruwa ya ɓarke da ƙanƙara kamar ana jifa da tsakuwa. Kafin magariba ya ɗauke, ya bar gari jagab, da sanyi mai daɗi da ƙamshin ƙasa.

Mamuda a lokacin bai wuce shekara talatin ba. Ɗakinsa guda ne, na jinka, iskar kuma ta yaye rabinsa. Matarsa Taiba da tabarma a ka ta ƙarasa tuƙin tuwo. Duk da haka, da aka idar da sallar magariba ya ɗauki akushinsa ya fita ciyayya kamar kullum.

Ciyayyar tasu ta mutum uku ce, a ƙofar gidan Isa, wanda ya ɗan girme su. Na ukun shi ne Falalu wanzami, abokin Mamuda tun suna kiwon awaki, mutumin da bakinsa ya fi askarsa kaifi. Ƙa'idar ciyayya ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. Kowa ya fito da abin da aka dafa a gidansa, a jera, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Ba a tambayar abin da ya sa miyar wane ba ta da mai. Ranar da ba a ɗora tukunya a gidan mutum ba, ya fito hannu rabbana, a matsa masa wuri, ba mai ɗaga ido. Akushi kuwa ba ya komawa gida sai an suɗe shi, don wadda ta tuƙa tana jira ta ga yadda zai dawo mata.

A wannan maraicen, yana zaune da jiƙaƙƙiyar riga, Mamuda ya ce in Allah ya ba shi rufin kwano, shi kam ya gama roƙon duniya. Falalu ya dubi Isa ya ce ya zama shaida, wai ga mutum na farko tun daga Annabi Adamu da zai ƙoshi.

Allah kuwa ya ba shi. Da rani ya zo ya samu aron wata 'yar gona a bakin ruwan Bakolori, ya zuba albasa. Mutum ne mai jimirin aiki, ya san lokacin da albasa ke son ruwa da lokacin da take son a ƙyale ta. Shekara ta uku ya ƙi sayarwa da kaka, ya adana a rumbu har ta yi tsada, ya kai kasuwar Talata Mafara. Daga wannan cinikin aka buga masa kwano. Taiba ta ce ranar da aka yi ruwan farko a kan sabon rufin, zama ya yi a bakin gado yana saurare, hawaye na zuba, yana ta hamdala.

To, sai dai abin mamaki game da zuciyar ɗan Adam, kamar ruwan lambu take. Ka buɗe mata fangali ɗaya, da ya cika ta fara lasar kunyar na gaba. Damina ba ta fita ba ya lura kwano na da zafi da rana, yana son a yi masa rufin ciki. Tafiya gona a ƙasa ta fara yi masa nisa, ya sayi keke. Keken nan kullum sai ya goge shi da tsumma, amma da maƙwabcin gonarsa ya wuce shi a kan babur, sai ya ji kamar jaki ya hau. Bayan babur injin ban ruwa, bayan inji gonar kansa, bayan gona kujerar Makka, shi da Taiba. Ya dawo ya kama rumfa a Mafara, motoci na lodin albasarsa zuwa kudu. Shi kansa yana mamakin lamarin. Ya taɓa gaya wa Isa cewa duk abin da ya samu, daɗinsa ba ya wuce mako biyu, daga nan sai ya zama kamar da shi aka haife shi.

Ba za a ce wadatar ba ta yi masa rana ba. Ɗansa Zaharaddini ya yi karatu. Da ciwo ya kwantar da Taiba, ba a sayar da akuya ba aka kai ta asibiti. Mamuda bai taɓa cewa yana kewar talauci ba, kuma duk wanda ya faɗi haka a gabansa, sai ya ce mutumin bai taɓa kwana a ɗaki mai yoyo ba.

Ciyayya dai tana nan, amma abin da ke fitowa daga gidan Mamuda ya sauya. Akushi ya koma manyan kuloli, shinkafa da miyar nama kusan kullum. Da yake abinci mai zafi da ƙamshi shi ke jan hannu, sai aka koma fara buɗe nasa. Kafin a kai ga na Isa da na Falalu ciki ya cika, sai a ɗan taɓa don kunya. Wata rana ma ba a buɗe na Falalu ba sam. Mamuda ya ga haka, tausayi ya kama shi, ya ce da zuciya ɗaya, daga yau su daina wahalar da iyalinsu, abin da ke fitowa daga gidansa ya ishe su su uku har da saura.

Isa ya sunkuyar da kai. Falalu ya yi murmushi ya ce, "Mun gode, Alhaji. Allah shi ƙara arziki." Ya ɗauki akushinsa a rufe ya nufi gida. Mamuda ya koma yana jin daɗin ya yi alheri.

Sun ci gaba da fitowa kamar mako guda. Daga nan Isa ya ce cikinsa ba ya son maiƙo. Falalu ya ce aski na kai shi ƙauyuka, ba ya dawowa da wuri. Gaisuwa ba ta yanke ba, kullum sai an tambayi gida da gajiya da iyali, amma tabarmar ta watse. Mamuda ya mayar da cin abincinsa ƙofar gidansa. Bai rasa masu taya shi ba, mutane na zuwa, su ci su yi godiya, wani ya ƙare da kawo kukansa. Sai dai a cikinsu babu mai ce masa lomarsa ta cika girma, babu mai tuna masa ranar da jaki ya kayar da shi a gaban 'yan mata. In Mamuda ya yi magana, kowa sai ya ce gaskiya ne, Alhaji.

Nan fa wani sabon buri ya tsiro masa, wanda bai taɓa sanin ana yinsa ba. Mutumin da a lokacin yake shirin sayen babbar mota, sai ga shi ba abin da yake so kamar ya ga Falalu ya fito da tabarma. Ya yi abin da ya saba yi wa kowane buri. Ya sa aka yi dakali da rumfa, ya sayi darduma, ya ce a ƙara nama. Ya aika wa Falalu da Isa buhunan shinkafa, suka aiko da godiya mai yawa. Shekara biyu ana haka. Cikin wannan tsakanin Isa ya koma wurin ɗansa a Maradun.

Taiba ce ta warware masa, wata rana da ta ga ya ture kula bai ci ba. Ta ce ta daɗe tana son ta yi magana, tana jin nauyi. Hafiza matar Falalu ta gaya mata cewa ranar da akushinta ya dawo a rufe, har kuka ta yi, don da kuɗin kitsonta ta sayi daddawar miyar.

"Alhaji, ba abincinka suka guje ma ba," in ji ta. "Kai ka hana su ba ka. Mutum ko ba shi da komi, yana son a ci nashi."

Washegari Mamuda ya ce kada a zuba masa abincin dare. Da aka fito masallaci ya bi bayan Falalu, ya yi sallama a zaurensa, ya tarar ya jawo akushi zai fara ci shi kaɗai. Suka gaisa doguwar gaisuwa, har gaisuwar ta ƙare. Sai Mamuda ya ce yunwa yake ji.

Falalu ya dube shi tun daga hula har takalmi. "Gobara aka yi gidan Alhaji?"

"Lafiya lau."

"To, wanga tuwo ba na manya ba ne. Dawa ce, ga miyar kuka ko mai babu. In ya shaƙe ka, ba ni da motar kai ka Mafara."

Mamuda ya jawo buta ya wanke hannu. Falalu ya turo akushin tsakiya.

Malmala biyu ce kacal a ciki. Mamuda ya san rabin abincin talaka yake ci, kuma ya ce a duk wahalar da ya sha a duniya, bai ga mai wuyar wannan ba. Hannunsa sai neman aljihu yake yi, yana danne shi. Ya ci tasa malmalar, ya suɗe miyar da yatsa, ya ce a gaya wa Hafiza ta iya daddawa. Ya tashi bai ajiye ko sisi ba. Da safe ya so ya aika da buhun dawa, Taiba ta tsaya a bakin rumbu ta ce in ya yi haka ya rushe abin da ya gina jiya.

Kwana tara yana zuwa hannu rabbana, attajirin da albasarsa ke cika motoci, yana cin tuwon wanzami. Mutanen unguwa suka yi ta kallon ikon Allah. Falalu bai raga masa ba, kullum da irin baƙar da zai gaya masa, shi kuwa Mamuda sai dariya har da tari. A rana ta goma Falalu ya ce ya isa haka, zai ƙarar masa da rumbu. Gobe ya zo da nasa, amma akushi guda, kuma na Hafiza za a fara buɗewa.

Isa ne bai samu wannan ba. Mamuda na ta shirin zuwa Maradun ya zauna ya ci tuwon gidansa, yau lodi gobe ban ruwa, sai saƙon rasuwarsa ya iso. Har yau Mamuda ba ya son a ta da zancen.

Buri dai bai bar shi ba, don ko bara an ji shi yana cigiyar injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, kuma ya saya. Yanzu yana nan Dakko, ya doshi saba'in, ya bar wa Zaharaddini rumfar Mafara. Gona yake zuwa da safe, da magariba kuma yana ƙofar gidan Falalu, inda masu ciyayyar suka kai mutum biyar.