Ɗakin Gyaren Baba

Babana malamin kimiyya ne, shekara ashirin da shida yana shaƙar ƙurar alli, amma ba mai kiransa da sunansa. Malam Gyare ake ce masa, har a gaban idonsa, shi kuwa amsawa yake yi da fara'a.

A wani ɗan ɗaki bayan ajinsa yake kiwon gyare cikin manyan robobi, da kwalayen ƙwai a ciki don su samu maɓoya. Kullum karatunsa ɗaya ne: mutane na ƙaruwa, filin kiwo na raguwa, ƙwaron nan kuwa da 'yar dusa da ɓawon kayan lambu sai ya ba ka abinci mai gina jiki. Mama takan ce, "Mazan wasu kaji suke kiwo, nawa ƙwari." Ni ma ba zan ɓoye ba, kunya nake ji idan ƙawayena suka tambaye ni.

Da iyaye suka kai ƙara, shugabar makaranta ta yanke magana. Za a yi taro ƙarshen zango, idan iyaye ba su yarda ba a kwashe robobin, a zuba karyayyun kujeru a ɗakin.

Saura sati uku taron, aka bar wa wata ɗaliba mai laƙabin Shiru-shiru aikin ba su ruwa kafin hutun ƙarshen mako. Gyare a jiƙaƙƙen soso yake sha, don in aka zuba ruwa a faranti ƙananan faɗawa suke yi su nutse. Ita kuwa tausayi ya sa ta cika musu faranti fal. Ranar Litinin aka tarar gyaren roba uku cikin huɗu sun mutu.

Ranar nan Baba ko abinci bai taɓa ba. Mama ta ce, "Malam, ka haƙura haka nan mana, ka yi iya yinka."

Ya ce, "Ban gama ba tukuna."

Washegari, maimakon faɗa, sai ya damƙa wa yarinyar makullin ɗakin, ya ce ita za ta yi wa iyaye bayani. Ni dai na ce a raina Baba ya ɗaure kansa da kansa, domin mahaifinta, wani bakanike mai kaurin murya, shi ne kan gaba wajen kai ƙarar.

Ranar taron na raka Baba ɗaukar roba. Yarinyar ta miƙe da takarda a hannu.

Ta ce, "Ni na kashe roba uku. Bari in gaya muku yadda aka yi, da yadda muka raya ta huɗun."

Ta yi minti goma tana magana, tun murya na sarƙewa har ta saki. Ta nuna soson, ta faɗi abin da suke ci da kwanakin da suke ɗauka kafin su girma. Daga ƙarshe ta ɗauki gasasshen gyare ɗaya daga faranti ta tauna a gaban kowa.

Bakaniken ya miƙe. Ya daɗe yana kallon 'yarsa kafin ya juya wajen shugaba.

Ya ce, "Ni dai ko za a yanka ni ba zan ci abin nan ba. Amma yarinyar nan a gida ko ruwa sai a kunne take roƙo. A bar musu ɗakinsu."