Hancin Mai Agogo da Hannun Jikarsa

Shagon Mai Agogo bai fi faɗin tabarma biyu ba, a matse tsakanin mai sayar da fenti da mai ɗinkin labule. Tun gashinsa na baƙi yake zaune a kujera ɗaya, a sunkuye ƙarƙashin fitila, yana tsintar ƙusoshin da ba su fi ƙwayar yashi ba. Mutum ne mai haƙuri da ƙarfe, amma ban da jikinsa. Agogo ya yi wata yana ba shi wahala, ko a jikinsa; mura kuwa ta kwana biyu, sai kowa a gidan ya ji a jikinsa.

To, wannan bawan Allah ne ƙofar shagonsa, irin ta ƙarfe da ake turawa sama, ta zame wata safiya ta sauka masa a karan hanci. Aka yi masa aiki a asibiti, ƙashi ya koma wurinsa. Sai dai ƙofar hancin hagu ta tsuke, iska na shiga da ƙyar, tana fito siriri kamar buta ta kusa tafasa. Likitar, wata mata marar son dogon zance, ta ce akwai aiki na biyu, amma ba yanzu ba.

"Sai yaushe, Likita?"

"Sai ya warke sarai, Baba. Kumburin ciki ya saɓe, naman ya yi laushi. Yakan kai shekara. In na taɓa shi ɗanye, ɓata shi zan yi."

Ta kafa masa doka biyu: kada tabarau ya zauna a karan hancin, kada kuma wani abu ya buge shi ko ya ja shi.

Ta farko ba ta gagara ba. Matarsa ta ɗauki allura ta ɗinka zare biyu a gaban hularsa, aka rataye tabarau, yana lilo a gaban idanunsa bai taɓa hanci ba. Mai fenti ya leƙo ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce shi bai taɓa ganin hula mai matsalar ido ba. Mai Agogo ya ce ya je ya ji da fentinsa da ya bushe a gwangwani.

Ta biyun ce ta ci masa rai. Yana da jika, 'yar wajen babbar 'yarsa, wadda uwar ke ajiyewa gidansu kullum in za ta ofis. Mai Damƙa yake ce mata, don ba abin da ke wucewa ta gabanta bai sha matsa ba: cokali, ɗankunne, gemun baƙo. Ran nan ya dawo cin abincin rana, ya manta, ya ɗaga ta sama suna fuska da fuska. Yarinya ta kai hannu ta cafke. Jini ya ɓata masa gaban riga, ita kuma ta tsala kuka.

Da yamma uwar ta durƙusa gabansa. "Baba, don Allah ka yi haƙuri, ka daina ɗaukarta sai an gama komai."

Ya ce to. Amma wannan magana ta fi ƙofar ƙarfe yi masa ciwo. Ga yarinya na miƙo hannu in ya shigo, shi kuma sai ya ɓoye nasa a aljihu ya wuce.

Daga nan ya addabi asibiti. Kowane wata yana can, wai ya warke. Likita ta danna ƙarshen hancin da yatsa, ta ce, "Da sauran tauri," ya saka hularsa mai tabarau ya dawo. Wani da ya kawo gyara ya ba shi labarin wani likita da ba ya sa mutum jira. Ya kai wa matarsa zancen da murna. Tana tsintar kayan wanki, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, in aka yanka ɗanye ya lalace, sai a yi na uku. Kafin nan yarinyar ta shiga makaranta."

Bai sake tayar da maganar ba.

Ita ce ma ta samo dabara. Ta fara kai masa abincin shago da yarinyar a goye, sai ta ɗora masa ita a cinya, bayanta a ƙirjinsa, fuskarta na kallon titi. Hannu ba ya kaiwa baya. Haka suke zama a bakin ƙofa, tana nuna motoci, yana faɗa mata wadda direbanta bai iya tuƙi ba. In ta gaji ta jingina kai, ta ji fiton hancin, ta ce "fiii", ta ƙyalƙyale. Ya zamana ya san ƙeyarta fiye da fuskarta: inda gashin ya murɗe, da ɗan kunnen hagu da ya fi na dama tashi. Ransa ya kwanta. Har ya daina zaryar asibiti, sai da aka kira shi a waya.

Likita ta danna, ta sake dannawa, ta haska ciki da fitila.

"Ya yi, Baba. Sai mu sa rana. Amma ka sani, bayan aikin dokokin nan za su dawo sabbi."

Mai Agogo ya juya hula a hannu.

"Yanzu in aka kama shi aka ja fa?"

"Wa zai ja maka hanci?"

"Akwai wata."

"Zafi kawai za ka ji. Ya yi ƙwari."

"In kuma aka ɗaga aikin, akwai hatsari?"

"Babu. Fitonka za ka ci gaba da yi." Ta ajiye fitilar tana kallonsa. "Kai da ka kusa cinye min ƙofar ofis?"

"Hancin yana nan, Likita, ba inda za shi. Ita kuwa ta fara tafiya. Kwanan nan za ta ƙi ɗauka."

Ranar bai koma shago ba. Ya tarar uwar ta zo ɗaukarta, yarinyar na tatata a tsakar gida da takalmi ɗaya. Ya sunkuya ya ɗaga ta, ya juyo da ita suna fuska da fuska. Ta tsaya tana kallonsa, kamar mai tuno inda ta san wannan tsoho. Sannan hannun ya taso a hankali.

"Baba..." in ji uwar, ta yo gaba.

"Bar ta," ya ce.

Mai Damƙa ta damƙa da ƙarfinta duka. Idonsa ya kawo ruwa, hancin ya ce fiii, bai sauke ta ba.