Rahoton da Na Aika da Murya

Shekarar da aka kai mu Funtua horo, mu shida daga yankin Maska, ni kaɗai ce mai takardar yaƙi da jahilci. Aikin da aka koya mana shi ne zama da matan da ke shan ƙwaya don jure aikin gona, har su ce da bakinsu za su daina.

Hajiyar da ke koyar da mu ta ce, "Mama, ke kin cika wa'azi. Tambaya za ki yi, ki kama bakinki. In mace ta faɗi magana, ki maimaita mata yadda ta faɗa, ta ji da kunnenta." Muka yi ta gwadawa bibbiyu ana dariya. Kafin mu taso ta ja mana kunne: duk abin da aka gaya mana amana ne.

Wadda na fara zama da ita maƙwabciyata ce, mai tuyar awara a bakin injin niƙa. Da kaka kuma tana bin ƙwadagon ɓarar masara. Sau huɗu ina zuwa ban ambaci ƙwaya ba. A na biyar na ce, "In kin sha, me take yi miki?"

"Yaya, bayana ne. In ban sha ba, ba na iya miƙewa."

Na danne wa'azina. Can ta ce, "Jiya 'yata ta rarrafa har gindin kaskon mai, ina zaune ban sani ba. Ina so in daina."

Da yake hannuna ba ya sauri a rubutu, Hajiya ta ce in riƙa aika mata rahoto da murya ta waya. Na aika, ban rage komai ba.

Ranar da baƙi suka zo duba aiki, aka tara mata a filin firamare. Kawai sai na ji muryata a lasifika, an kunna musu rahotona. Mai awara, bakin inji, kaskon mai. Ga uwar mijinta zaune a layin gaba.

Na bi Hajiya har mota. Ta ce, "Haba Mama, ai ba mu faɗi suna ba."

Na ce, "Hajiya, injin niƙa ɗaya ne a garin nan."

Washegari na yi sallama a gidan maƙwabciyar tawa. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, ta tambayi yara. Na ce yaya bayan? Ta ce lafiya lau. Duk abin da na tambaya, lafiya lau.

Har yau muna gaisawa ta katanga. Ko ta daina ko ba ta daina ba, ba ni za ta gaya wa ba.