Kwalbar da Ba Ta da Suna

Wata rana aka sanar da Malam Sallau cewa mai duba malamai za ta shiga ajinsa ranar Laraba.



Noma ya karanta a kwaleji. Da malamin kimiyya ya bar makarantar, sai aka miƙa masa aji ɗaya na sakandare da manhaja mai kauri, duk da Turanci. Darasin makon layi biyu ne kacal, kan haɗa abubuwa da rarraba su. Ya karanta ya fi sau goma, bai gane me ake so ya yi ba.

Bai tambayi kowa ba. Tsoro yake a ce bai iya aikinsa ba.

Sai ya shiga sito, ya ɗauko tsofaffin kwalabe biyu da rubutunsu ya goge. A ganinsa, kimiyya ai sai da kwalba.

Laraba ta zo. Mai dubawar, wata dattijuwa mai tabarau, ta zauna a bencin baya. Yara hamsin da bakwai suka zuba masa ido.

Ya tsiyaya ruwan wannan kwalba cikin waccan.

Farin hayaƙi ya tashi. Wani wari ya shaƙe ajin. Wata yarinya a layin gaba, mai ciwon asma, ta dafe ƙirji tana neman numfashi.

Dattijuwar ta daka tsawa, kowa ya fita. Ita ta ciccibi yarinyar zuwa ƙarƙashin bishiya.

Minti goma Malam Sallau yana tsaye. Salati yake ta yi. Idan ta mutu, me zai ce wa uwarta?

Allah Ya sa numfashin ya dawo.

Dattijuwar ta juyo.

"Malam, me ke cikin kwalaben nan?"

"Ban sani ba, ranki ya daɗe."

"To me manhajar ta ce ka koyar?"

Ya sunkuyar da kai. "Wallahi shi ma ban gane ba."

Ya jira takardar kora.

Ta rubuta rahoto dai, ba ta ɓoye komai ba. Amma bayan an tashi, ta zauna da shi, ta buɗe shafin, ta fassara masa kalma bayan kalma.

Ashe gishiri da yashi ake nufi. Yara su jiƙa, su tace, su shanya, su faɗi abin da suka gani. Irin yadda ake rege tsakuwa daga shinkafa a gida.

Yanzu kowace Litinin malaman makarantar suna zama su warware darasin mako tare. Malam Sallau ne yake fara ɗaga hannu.

Darasi: Idan ba ka gane abin da aka ba ka ka koyar ba, ka tambaya kafin ka shiga aji. 'Ya'yan mutane ne a gabanka.

Ka tura wa duk malamin da ka sani.